Ma'amshi da gwajin ware: kalmomi biyu ga masu rubuta manhajar saba

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu rubuta manhaja. Kalmomi biyu na Turanci nake so mu tsayar da Hausarsu yau: handler da unit test.

A Go, yaren rubuta manhaja, handler ɗan guntun aiki ne da saba (server, manhajar da ke karɓar buƙatu ta intanet) ke miƙa wa buƙatar da ta shigo, shi kuma ya rubuta amsa. Duk abin da net/http, kunshin Go na harkar saba, ke nema gare shi aiki ɗaya ne kawai mai suna ServeHTTP. Wasu sun ce a kira shi mai kula, wasu sun ce ɗan aike. Mai kula ya yi faɗi da yawa, ɗan aike kuwa kai saƙo yake yi, ba ya yanke abin da za a ce.

Ni na tsaya a kan ma'amshi, jam'i ma'amsa. Dalilina shi ne amsa tana ɗauke da ma'ana biyu a bakinmu. Basakkwace ya ce maka amshi wannan, karɓa yake nufi; malami ya yi tambaya, ɗalibi ya amsa. To aikin ke nan baki ɗaya: ya amshi buƙata, ya ba da amsa.

Unit test kuma na ji ana cewa gwajin ɗai-ɗai. Ba laifi, amma ba ƙidaya ce ruhin abin ba, warewa ce. Ku duba yadda ake yi da httptest, kunshin Go na gwada ma'amsa: ka ƙirƙiri buƙatar ƙarya da NewRequest, ka ajiye NewRecorder a matsayin allon da za a rubuta amsa a kai, sannan ka kira ma'amshin kai tsaye. Ba a kunna saba ba, ba a taɓa intanet ba. Sai ka duba allon. Ka nemi abin da babu, 404 (lambar "ba a samu ba") ya fito? Ka aika POST (buƙatar tura bayani) inda GET (buƙatar ɗauko bayani) kaɗai aka yarda, 405 (ba a yarda ba) ya dawo ko kuwa 200 (komai lafiya)? In gwajin ya faɗi, ka san laifin na cikin ma'amshin nan, ba na hanya ba.

Saboda haka gwajin ware. Kuma yana jawo ɗan'uwansa da kansa: ranar da ka tayar da sabar gwaji da NewServer, ka haɗa da rumbun bayanai na gaske, ka shiga gwajin haɗe, abin da Turawa ke kira integration test.

Ku gwada su a jimla kafin ku yanke hukunci: "Kada ka tura ma'amshin nan sai ya tsallake gwajin ware." Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku da kuka koyi aikin da Faransanci, ya zauna muku a baki?