Na yi mafarkinsa daren Juma'a, da rana muka yi kaciɓis: in ba shi jarina?

Ɗan Funtuwa: Salamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Shekara shida ina gadi a Ikeja, Legas, na tara naira miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu. Daren Juma'a na yi mafarkin wani abokina da muka yi allo tare, rabona da shi shekara 11. Da rana na fito daga masallaci a Agege ina laluben takalmina, ɗagowar da zan yi sai ga shi tsaye. Wallahi tsikar jikina sai da ta tashi. Ashe albasa yake sayarwa a kasuwar Mile 12, kuma yana neman wanda za su haɗa jari su ɗauko mota guda daga Aliero ta jihar Kebbi. Ya ba ni zuwa Laraba. Na yi istihara sau biyu ban ga komai ba. Ishara ce wannan ko arashi ne kawai?

Baban Ummi: Ka sayi keke napep ka ba wani yana kawo maka balas. An gama.

Maman Halifa: Ƙanena, tsaya ka ji. A danfo, motar hayar Legas, daga Mushin zuwa Idumota na zauna kusa da wata. Sunanmu ɗaya, garinmu ɗaya, ita ma ɗanta na fari Halifa. Har hawaye na yi, na ce Allah ne ya haɗa mu. Wata uku tana zuwa gidana a Idi-Araba, kwano ɗaya muke ci, ita ta yi wa 'yata kitson salla. Na kwashi adashena dubu ɗari shida na ba ta za ta saro mana atamfa a Balogun. Yau shekara huɗu. Lambarta a kashe, ɗakin da ta nuna min ashe na wata ne. Maigidana bai yi min faɗa ba, shirun da ya yi ya fi faɗan ciwo.

Sani Apapa: Allah ya mayar miki da alheri Hajiya. Amma miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu ba ta kai rabin mota ba, an ce buhun albasa ya haura dubu ɗari.

Na Mile 12: Wa ya gaya maka? Jiya na saya dubu saba'in da biyar.

Sani Apapa: Sabuwa ka saya mai ruwa, kwana biyar ta fara ruɓa.

Ɗaliba Akoka: Yaya, abin da ya same ka masana halayyar ɗan Adam sun yi magana a kai. Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan, ya fitar da rubutu a 1952 kan abubuwa biyu da suke dacewa a ma'ana ba tare da ɗaya ya jawo ɗaya ba. Wata majinyaciyarsa tana ba shi labarin mafarkin buzuzun zinare, sai ga ƙwaro mai kama da shi yana bugun tagar ɗakin. Amma masu lissafi suna cewa arashi ya fi yawa fiye da yadda muke zato: a tara mutum 23 kawai, yiwuwar biyu su haɗa ranar haihuwa ta ɗara rabi. Kuma mutum nawa ka yi mafarkinsu ba ka gamu da su ba? Waɗannan mantawa ake yi. Bakatsine ya haɗu da Bakatsine a Juma'ar Agege ai ba abin mamaki ba ne.

Malam Obalende: 'Yata, ba sai mun je wurin Bature ba. Hadisin Jabir na istihara yana cikin Buhari: raka'a biyu da addu'a, babu inda aka ce sai ka yi mafarki. Ka yi bincike, ka nemi shawara, in al'amarin ya sauƙaƙa ka shiga.

Ɗaliba Akoka: Allah ya gafarta Malam, ai maganarmu ɗaya.

Baban Ummi: Yarinyar da ba ta taɓa sayar da ko tumatir ba ce za ta ba ɗan kasuwa shawara?

Ɗan Zuru: Ni sau uku ina ganin maigidana a mafarki yana ƙara min albashi, ku taya ni addu'a shi ma ya yi mafarkin.

Maman Halifa: Ku yi ta dariya. Ni ma malami na tambaya, ya ce alheri ne. Ƙanena, ko uwarku ɗaya ku rubuta takarda gaban Sarkin Hausawa da shaidu biyu. Ni ko rasit ban karɓa ba, kunya ta hana ni.

Ɗan Funtuwa: Na gode Hajiya. To in an rubuta, in shiga ke nan?

Na Mile 12: Takarda ba ta hana asarar hanya. Daga Kebbi zuwa nan shinge nawa direba zai tsaya ya miƙa? Ka iso kuma 'yan agbero, 'yan kamashon tasha, su tare, ga kuɗin sauke kaya, ga la'adar dillali.

Sani Apapa: Bar maganar agbero. Makon jiya a Ijora tikiti uku suka yanka min a rana ɗaya, na nuna na safe, yaron ya yaga shi a gabana ya cire min madubin mota.

Baban Ummi: Uku kawai? Zo Oshodi ka gani.