Kabon ya cika gurbin ringi: a wanke fistin a mayar, ko a canza?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum, manyanmu. Tsohon injin fetur ne mai silinda huɗu, faɗin silinda milimita 80, yana shan baƙin mai yana kuma hayaƙi mai shuɗi-shuɗi. An sauke shi an zaro fistin. Ringin mai ya manne a gurbinsa a fistin biyu, sauran gurabun kuma duk baƙin kabon ne mai tauri. Ta yaya zan gane ko gurbin ya cinye ne ko datti ne kawai? Kuma da me ake kankare shi?

Oga Mai Injin:
Wa alaikumus salam. Kada ka auna komai sai ka wanke, domin kabon yana cike wurin da ƙarfe ya cinye, sai gurbin ya yi kamar lafiya lau. Cire tsofaffin ringin, ka jiƙa fistin a kalanzir ko maganin wanke kabureta ya kwana. Kada soda mai ƙarfi ta taɓa shi, tana cin alminiyam. Sannan ka karya tsohon ringi guda, ka goge bakinsa ya miƙe, ka riƙa kankare ƙasan gurbin da shi a hankali. Ƙasan gurbin kawai. Bangon sama da na ƙasa su ne inda ringi yake zama ya toshe iska, idan ka karce su ka ɓata fistin da hannunka. Buroshin waya na inji ma ka bar shi, yana zagaye bakin gurbin.

Bayan gurbin ringin mai akwai ƙananan huji da mai yake komawa ta ciki. Su ne kan toshe, mai ya rasa hanya, ya ƙone a wurin, ringi ya manne. Ɗauki ɗan siririn bakin diril daidai hujin, ka murza shi da yatsu, ba da inji ba, har ka ga haske ta ciki.

Yanzu awo. Ɗauki sabon ringi, ka cusa bayansa cikin gurbin, ka gangara shi ya zagaye fistin. Inda ya cije, akwai sauran kabon ko bangon ya lotsa. Sai ka sa fila geji, wato siraran fallayen ƙarfe na auna tazara, tsakanin ringi da bangon gurbin, a wuri huɗu aƙalla. A yawancin irin waɗannan injina ringin sama yana son tsakanin milimita 0.03 da 0.08. Idan 0.15 ya shige, fistin ya gama aiki, sai dai in littafin injin ya faɗi wani adadi daban. Ka kuma ja farce a kan bangon ƙasa: idan ka ji ɗan mataki can ciki, gurbin ya cinye ko da geji ya yi maka ƙarya a baki. Ringi a gurbi mai faɗi yana rawa sama da ƙasa, yana tura mai sama kamar famfo, ƙarshe ya karye.

Malam Bori:
Duk abin da Oga ya faɗa haka yake, amma ka duba kan fistin kafin ka wanke, shi ne zai gaya maka daga ina matsalar take. Kabon mai danshi a tsakiya, gefen kuma a wanke fes, mai ne yake hawowa ta ringi. Baƙi busasshe mai laushi, fetur ne ya yi yawa. Idan fistin ɗaya ya fi sauran tsafta ƙwarai, ruwa ne yake shiga ta gasket, tururi ya wanke shi. Kuma kada ka ɗora wa ringi laifin duka: robar bawul da ta bushe da toshewar bututun numfashin inji su ma suna sa shan mai. In ba ka gyara su ba, kabon zai dawo.

Sabon Hannu:
Allah ya saka da alheri. Na auna: uku sun ba da 0.06, ɗaya 0.13 a gurbin sama. In mayar da shi?

Oga Mai Injin:
Ni dai ba zan mayar ba. Bai kai iyaka ba, amma saura kaɗan, kuma ba kullum ake sauke inji ba. In za ka canza shi kaɗai, nauyinsa da girmansa su zo daidai da sauran.

Kafin haka auna silindar, don sabon ringi ba ya gyara silindar da ta buɗe. Saman silinda, inda tsohon ringi bai kai ba, yakan bar ɗan tudu. Dole a cire shi, in ba haka ba sabon ringin sama zai doke shi ya karye ko ya fasa bangon gurbin. A yi honin, wato a goge cikin silindar da dutsen gogewa, zanen ya gitta juna kusan digiri 45, a wanke da ruwan sabulu mai zafi har farin tsumma ya fito fari, a shafa mai nan take. Sa kowane ringi cikin silindarsa, ka tura shi ƙasa da kan fistin don ya zauna daidai, ka auna tazarar bakinsa. A silinda mai faɗin 80 ana neman kusan milimita 0.3. In ta yi kaɗan, zafi zai haɗa bakin ya karce silinda, don haka a goge kaɗan da magagari. Wajen ɗaurawa, ɗigo ko rubutun da ke jikin ringi ya kalli sama, musamman na biyu, domin in ka kifa shi, zai riƙa share mai zuwa sama maimakon ƙasa. Bakunan kuma a rarraba su, kada biyu su zo layi ɗaya.