Sati 40 da kwana 3, naƙuda shiru: me ake dubawa a asibiti, kuma yaushe za a tashi a tafi?

Maman Sumayya, Makka:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanwata ce ke da cikin fari, yau sati 40 da kwana 3 bisa lissafin sonar (hoton ciki) da aka yi mata tun cikin yana wata uku. Lafiyarta ƙalau, sai dai marar ta ƙulle ta saki, abin bai zauna ba. Daktora ta ce ta riƙa zuwa takhɗiɗ (awon bugun zuciyar yaro da na'ura) sau biyu a sati, idan ta cika 41 ba labari a kwantar da ita a tayar da naƙuda. A gida kuwa ana cewa ta shiga wata na goma, zaƙi ne ya tare, a ba ta jiƙo da man khirwa (man zurma). Don Allah masu sani, me takhɗiɗin yake nunawa? Jiran nan ba haɗari? Wace alama za mu gani mu fita ko da tsakar dare ne?

Ungozoma Ta Jidda:

Wa alaikumus salam Maman Sumayya. Allah ya raba lafiya. A fara gyara lissafi, don daga nan hankalin gida yake tashi. Sati 40 kwana 280 ne daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Wata tara na Hijira kuwa kwana 266 ne ko ƙasa da ɗaya, saboda haka duk mai ƙirga da ganin wata za ta ga ciki ya leƙa na goma tun bai cika sati 40 ba. Haihuwa tsakanin sati 37 da 42 a kan lokaci take, kuma mata kaɗan ne suke sauka a ainihin ranar da aka rubuta a kati, balle mai cikin fari.

Takhɗiɗ ɗamara biyu ake ɗaura mata a ciki, ɗaya na ɗaukar bugun zuciyar yaro, ɗaya na ɗaukar ƙullewar mahaifa, na'ura tana zana su a doguwar takarda. Ana son bugun ya zauna tsakanin 110 da 160 a minti, layin yana ɗan rawa sama da ƙasa, ba a miƙe kamar zare ba. Sannan cikin minti 20 a ga ya hau aƙalla sau biyu, da bugu 15 na tsawon daƙiƙa 15, yawanci lokacin da yaron ya motsa. Idan bai hau ba, kada ta firgita, yaro yakan yi barci minti 20 zuwa 40, shi ya sa ake ƙara lokaci. Abin da ke damun ma'aikata shi ne bugun ya riƙa faɗuwa bayan kowace ƙullewa, ko layin ya kwanta ya ƙi rawa. Ta ci abinci kafin ta je, ta yi fitsari, kuma a kan gado ta karkata gefen hagu, domin kwanciyar rigingine tana sa nauyin ciki ya danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, jiri ya kama ta, takardar ma ta fito da abin tsoro alhali ba komai.

Sai dai takhɗiɗ labarin wannan sa'ar kawai yake bayarwa. Tsakanin zuwa da zuwa, motsin yaro ne ma'auni, kuma ita kaɗai ke jin sa. Maganar cewa yaro yana rage motsi idan haihuwa ta kusa ba gaskiya ba ce, ta kuma jawo asarar 'ya'ya. Salon motsin yana canzawa, harbi ya koma juyi da turi don wuri ya matse, amma yawansa ba ya raguwa. Idan ta ji shiru, ta kwanta gefen hagu, ta natsu ta ƙirga. Bai kai goma cikin awa biyu ba, ko ta ji ya bambanta ƙwarai da yadda ta saba, ta tafi ɗawari, wato sashen gaggawa na asibiti, a daren, ba sai ranar awo ba.

Dakta Abu Hafsa, Madina:

Hajiya, abin da Malama ungozoma ta faɗa daidai ne. Zan ƙara dalilin da ya sa daktora ta tsayar da sati 41. Mabiyiya, wadda ke kai wa yaro abinci da iska, tana fara gajiya idan ciki ya wuce lokaci. Ruwan da yake ciki ya ragu, cibiya ta fi saurin matsuwa, yaron kuma yana iya yin kashinsa na farko a cikin ruwan ya shaƙa. Haɗarin mutuwar yaro a ciki ƙarami ne, amma yana ƙaruwa bayan sati 41, ya fi tsananta bayan 42. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a kan sati 41 ta ba da shawarar tayar da naƙuda idan an tabbatar da lissafi, kuma sonar wata uku da kuke da shi shi ne mafi ingancin lissafi.

A kowane zuwa, ban da takhɗiɗ, ku tabbata an duba abu uku. Ruwa ta sonar: aljihu mafi zurfi ya kai santimita 2 zuwa 8, ko jimillar ruwan sassa huɗu na ciki kada ta gaza santimita 5. Hawan jini: 140 bisa 90 ko sama abin bincike ne, 160 bisa 110 gaggawa ce. Sai fitsari, a ga ko akwai furotin. Waɗannan biyun na ƙarshe su ke tona ciwon da ke kai wa ga jijjiga, wanda ya fi kama masu cikin fari. Ciwon kai mai tsanani da ba ya jin Panadol, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, zafi a ƙasan haƙarƙarin dama, kumburin fuska da hannu farat ɗaya, kowanne daga ciki ya ishe ku dalilin fita.

Tayar da naƙuda, wato ɗalƙ sina'i, ba ruwan naƙuda ake fara sawa ba kamar yadda ake zato. Ana fara duba bakin mahaifa. Idan ya ɗan buɗe, ana iya zagaya yatsa a raba fatar faya da bakin, wannan kaɗai yakan taso da naƙuda cikin kwana biyu. Idan yana da tauri a rufe, a sa magani ta ƙasa ko ƙaramin balan-balan ya tausasa shi, abin da kan ɗauki yini ko fiye. Bayan nan a fasa faya, sannan a sa oksitosin, maganin da ke sa mahaifa ƙullewa, a ruwa, ana ƙara shi kaɗan-kaɗan ana kallon zuciyar yaro. Ku shirya kwana biyu ko uku, jinkirin ba alamar an kasa ba ne.

Batun jiƙo da man khirwa, ina roƙonku ku bari. Yaro yana samun jini ne a hutun da ke tsakanin ƙullewa da ƙullewa. Idan ƙullewar ta wuce biyar cikin minti goma, ba hutu, iska ta yanke masa. A asibiti sai a rufe ruwan naƙudar nan take, amma abin da aka riga aka haɗiye ba mai rufe shi, ba kuma wanda ya san ƙarfinsa. Man khirwa zawo yake sawa, ya tsotse mata ruwan jiki a zafin Makka, ta shiga naƙuda a galabaice. Idan har an riga an ba ta wani abu, a faɗa wa likita sunansa ba ɓoyewa.

Hajiya Ummu Basma, Makka:

'Yar'uwa, ga bambancin naƙudar gaske da ta gwaji. Ta gwaji ba ta da tsari, a gaba take, tana lafawa idan an sha ruwa ko an canza zama. Ta gaske daga baya take tasowa ta zagayo mara, tana ƙara ƙarfi tana matsowa kusa. Ku riƙe agogo: duk minti biyar, kowace ta kai minti ɗaya, an yi awa guda a haka, to mai cikin fari ta tafi. Majina mai ɗan jirwayen jini ba komai ba ce. Jini ja mai zuba, ko ciki ya ƙame kamar dutse bai saki ba, wannan ba jira.

Jaka ta zauna a bakin ƙofa da iƙama (katin zama), katin ta'amin (inshorar lafiya) idan akwai, fayil ɗin awo, takardar rukunin jini da ta sikila, da sakamakon gwajin GBS (wata ƙwayar cuta da kan iya kama yaro wajen haihuwa) da ake yi wajen sati 36, domin idan ya nuna akwai, allurar maganin kashe ƙwayar ana son ta shiga awa huɗu kafin haihuwa. Ku san hanyar asibitin a lokacin da aka rufe titunan kusa da Harami. Tattaki bayan Magariba yana da kyau, cunkoson ɗawafi kuwa a ɗaga shi. Dabino ba laifi idan ba ta da sukarin ciki. Lambar motar ɗaukar marasa lafiya ta Hilal Ahmar 997, shawarar likita ta waya 937.

Maman Sumayya, Makka:

Allah ya saka da alheri, na karanta wa Inna ta ji, an ajiye jiƙon. Saura ɗaya: idan faya ta fashe ba ciwo, a jira ciwon ya zo?

Ungozoma Ta Jidda:

A'a, a tafi a duba. Ta sa auduga mai tsabta, ku rubuta lokacin, ku kalli launi. Fari ko kamar ruwan shinkafa shi ne daidai. Kore ko ruwan ƙasa kashin yaro ne, ku faɗa tun a bakin ƙofa don a ɗaura mata takhɗiɗ nan take. Kada kowa ya sa hannu ya duba a gida, ba saduwa, ba zama cikin ruwa, saboda hanya ta buɗe wa ƙwayoyin cuta, shi ya sa idan ciwo bai zo ba ake tayar da shi cikin awa 24. Idan kuma ta ji wani abu kamar igiya ya leƙo, cibiya ce: ta durƙusa kamar mai sujada, ƙirji a ƙasa ƙugu a sama, kada a tura ta ciki, a kira 997, ta zauna a haka har su iso.