Wai mi za mu kira furofayil na taya da Hausa?

Mai tambaya:
Salamu alaikum jama'a, direbobi da masu faci ku matso. Lambar nan da aka rubutawa jikin taya, kamar 195/65 R15 irin ta Corolla, ta farko kowa ya san faɗi ce, milimita 195, ta ƙarshe ko girman rim, inci 15. To ta tsakiya fa, 65 ɗin nan da masu sai da taya ka ce ma furofayil, mi as sunanta da Hausa? Na ga mutane in za su canza taya faɗi da rim kawai suka dubawa, ita ko oho.

Direban hanyar Illela:
Tsayi mana. Mu tasha haka muka cewa, doguwar taya da gajeruwa.

Mai faci:
Alhaji tsayi bai yi ba wallahi, don 65 ɗin ba milimita ba ce, kaso ne. Ana nufin gefen taya, daga bakin rim zuwa inda taka taka ƙasa, shi ne 65 cikin 100 na faɗinta, wato kusan milimita 127. Shi ya sa in ka ɗauko 205/65 ka jera da 195/65 za ka ga ta farkon ta ɗara tsawo alhali duka 65 anka rubuta, kuma in ka ce tsayi mutum zai zaci tayar duka kaka nufi har da rim.

Wani ɗalibi:
Kauri fa?

Mai faci:
A'a ƙanena, kauri na roba ne. Taya in ta suɗe ita aka ce ma ba ta da sauran kauri.

Malamin makaranta:
Ni sai in ce kunci, kuncin taya, tunda gefe ne kuma shina kumbura in an ba ta iska. Sai dai rabin mutanenmu ba su sa ƙugiya in suna rubutu a waya, kunci da ƙunci duk ɗaya, wani sai ya ɗauka matsuwa aka nufi.

Direban hanyar Illela:
Hhhh Malam ai mai mota cikin ƙuncin yake, ka san kuɗin taya yanzu kuwa?

Wata Hajiya:
Ku ce kwiɓi mana. Kwiɓin taya. Ko yaro ka ce ma taya ta fashe ta kwiɓi ya san inda zai duba.

Mai faci:
Hajiya Allah shi ƙara girma, wanga ya zauna. Gefen shi ne kwiɓi, lambar kuma kason kwiɓi. Irin ta samarin nan masu sa babban rim, mai 45 ko 40, gajeren kwiɓi ke nan. Kuma ku ji amfanin sanin abin, in ka ƙara rim dole ka rage kason kwiɓi don tsawon tayar duka shi tsaya yadda kamfani ya yi shi. 195/65 R15 tsawonta kusan milimita 635 ne, 205/55 R16 kuma 632, kun ga kusan guda ne, canji mai kyau ke nan. Amma masu sa 215/70 R15 wai mota ta tashi sama, tsawonta 682, maleji na nuna 100 kai ko kana kusan 107, ga taya na gugar bodi in an yi lodi an faɗa rami, ga mota ta yi nauyin tashi. Yawanci ana son bambancin kar shi wuce kashi 3 cikin 100. Buɗe ƙofar direba akwai 'yar takarda liƙe jikin ƙarfen, girman tayar da yawan iskarta duk suna nan.

Direban hanyar Illela:
Gajeren kwiɓin nan dai na cikin gari ne, ka shiga gargada da ita rim shi lanƙwashe, tayar ta yi ƙululu. Ni dogon kwiɓi har gobe.

Malamin makaranta:
Na amince da kwiɓi. Kason kwiɓi ya ɗan yi ma baki nauyi, kasuwa na san lambar kwiɓi za a riƙa cewa, kuma ba laifi.

Mai tambaya:
To shi ke nan, lambar kwiɓi ga mai saye, kason kwiɓi ga mai lissafi. Oga mai faci, ita kuma 91H ɗin da ke biye fa?

Mai faci:
91 nauyin da taya guda ka iya ɗauka ne, kilo 615, H ko iyakar gudu, kilomita 210 a awa. Lambar lodi da harafin gudu, waɗanga ba su buƙatar mahawara. Bari in tashi an kawo man keke napep.