Eriyar nan mai kama da ƙayar kifi, yaya take aiki?

Ɗan Ringim:
Salamu alaikum yan uwa, a ƙauyenmu sabis sai an hau bishiya, na ga wani ya kafa eriya mai sanduna jere daga dogo zuwa gajere ya jona da rauta (na'urar nan mai sim da ke raba intanet), wai 2G da 4G duk tana kamawa. Me yasa sandunan basa zama tsawo ɗaya, kuma zan iya ƙera ta da kaina?

Mai gyaran rediyo, Gumel:
Wa alaikumus salam ƙanena. Log-periodic ake ce mata, a jami'ar Illinois ta Amurka aka ƙirƙiro ta wajen ƙarshen shekarun 1950. Kowane sanda da zangon da yake ji, tsawonsa rabin tsawon igiyar siginar ne, na siginar 900 MHz (MHz ma'aunin zangon sigina ne) wajen santimita 16, na 2600 MHz kuwa bai kai santimita 6 ba, to duk siginar da tazo sanduna biyu ko uku ne da suka dace da ita suke aiki sauran suna hutawa. Kowanne ya zama kamar kashi 85 cikin 100 na wanda ke bayansa, tazarar ma haka. Wayar a gajeren ɓangare ake jona ta, kuma shi zaka nuna wa turken sabis.

Malamin firamare, Ɗambatta:
Gaskiya ne oga, amma ka manta juya waya tsakanin sanda da sanda, wato wayoyi biyun da ke haɗa sandunan su riƙa musayar gefe daga wannan sanda zuwa na gaba, ni ban juya ba nayi asarar alminiyon. Sannan kebur kar ya yi tsawo, yana shanye siginar, gara ka ɗaga rautar kusa da eriyar. Damina kuma a kula da tsawa.

Ɗan Ringim:
Nagode baba, ranar kasuwa zan nemo bututun alminiyon.