Don Allah ya zan kira Harald Bluetooth da Hausa?

Maman Ilham: Salam jama'a, gobe da safe nake da shiri a rediyo kan sarkin Denmak Harald ɗan Gorm, ya yi mulki daga wajen 958 zuwa 986, shi ya kafa dutsen tarihi na garin Jelling mai rubutun da ke cewa ya mallaki Denmak da Norway ya kuma shigar da mutanensa Kiristanci. Laƙabin ne ya tsaya min, in na ce Bluetooth za a ɗauka tura waƙa a waya nake nufi.

Baban Sadik: Shuɗin Haƙori kawai.

Malam Na-Gwale: Ba haka ake yi wa sarki laƙabi ba, sai da Mai a gaba, kamar Alu Mai Sango. Harald Mai Shuɗin Haƙori.

Anti Bilki: Anya shuɗi ne ma? a tsohon yarensu kalmar tana ɗaukar shuɗi da baƙi, ana zaton haƙori ne ya mutu ya dafe. Ni Mai Baƙin Haƙori zan ce.

Ɗan Gobir: Duk kun cika tsawo. Shuɗau! yadda muke cewa Jatau. Har na wayar a koma kiransa Shuɗau tunda dama sunan sarkin aka ɗauka a 1997, tambarin ma harufansu ne na dā, H da B aka haɗe.

Baban Sadik: Hhhh je Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, ka ce a kunna maka Shuɗau ka ga kallon da za a maka, kowa bulutut yake cewa.

Ɗan Gobir: Abin da ya kashe mu kenan, ku Kanawa komai Bature ya kawo sai ku haɗiye, mota ma da kun bari an yi mata suna da yanzu ya zauna.

Malam Na-Gwale: Kai da ka rubuto wannan da kibod ɗin waya? A bar Kano ta huta malam.

Maman Ilham: Yayyena ku taimaka dare na yi. Zan ce Mai Baƙin Haƙori, sai in ƙara da cewa shi ne Bluetooth. Saura ɗansa Sweyn da ya yi masa tawaye, wanda ya ci Ingila a 1013, Forkbeard suke ce masa.

Anti Bilki: Mai Gemu Biyu.

Ɗan Gobir: Wannan na yarda. Amma ki ɗan jefa Shuɗau ko sau ɗaya ne mu ji ya zai zauna a kunne.