Sabon ɗalibi a Ngaundare: ta ina zan fara sanin gari?

Ɗan Damagaram:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ɗalibi ne daga Nijar, bana na shiga ENSAI, makarantar kimiyyar sarrafa amfanin gona ta Jami'ar Ngaundare a Kamaru, ina zaune a Dang. Mu biyar ne baƙi, uku daga Cadi, mu biyu daga Nijar. Muna son mu san garin da tarihinsa, kada mu gama karatu iyakar saninmu aji da ɗakin kwana. Ta ina za mu fara, wace rana ta fi, kuma me ya kamata mu kiyaye?

Malam na Sabongari:
Wa alaikumus salam, sannunku da zuwa. Ka fara da sanin cewa Dang ba Ngaundare ba ce. Tsakanin jami'a da cikin gari akwai wajen kilomita 15 a kan hanyar Garwa, don haka shiga gari sai an ware masa yini.

Ku fara da ranar Juma'a. Ku baro Dang da hantsi, ku isa babban masallacin da ke daura da fadar Lamiɗo, sarkin garin, kafin sahu ya cika, domin wanda ya makara a titi zai shimfiɗa dardumarsa. Fitowar Lamiɗo zuwa masallaci da komawarsa, da dogarai da kakaki da algaita da masu kirari, ita ce hanya mafi sauƙi ta ganin yadda sarautar take. Mutumin Damagaram ba zai ji baƙunta ba: akwai Galadima, akwai Alƙali, akwai Liman. Dalilin wannan kama yana cikin tarihi. Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, ya kafa ƙasar da hedikwatarta ta zama Yola, kuma Ardo Njobdi ya kafa sarautar Fulani a Ngaundare wajen shekarun 1830 a ƙarƙashin wannan tuta. Jamusawa sun ci garin a 1901, sannan ya koma hannun Faransawa lokacin yaƙin duniya na farko.

Shiga cikin fada kuwa kada ku sa shi ranar Juma'a, fadawa ba su da sukuni. Ku koma wata safiya, ku yi sallama a ƙofa, ku ce ku ɗalibai ne baƙi, za a haɗa ku da mai zagayawa da ku. Ku tanadi ɗan abin goro nasa, ku haɗa kuɗin tun kafin ku shiga, ba a gabansa kowa yana lalube aljihu ba. A cire takalmi inda aka ga an cire, a sa hula da riga mai mutunci, mata su yafa mayafi. Hoto sai an tambaya. Ku ɗaga kai ku dubi zaurukan: ginshiƙan ƙasa masu zane da launi, da jinkar ciyawa mai tsawo da ke saukowa kusan ƙasa.

Hajiya Mai Kosam:
Malam ya yi bayani, amma ya fara tarihi daga tsakiya. Kafin Fulani, 'yan ƙabilar Mbum ne a wurin, kuma har yau suna nan da sarkinsu, Belaka, a Ngan-ha gabas da gari. Wannan jinkar da Malam ya ce ku duba ma hannun Mbum ne a cikinta. Akwai kuma Dii da Gbaya, ga Hausawa da Barebari da fatauci ya kawo. In kuna son ku ji kowane ɓangare, ku nemi ɗaliban sashen tarihi a can jami'arku, da yawansu 'yan waɗannan garuruwan ne.

Ɗana, gari a kasuwa ake saninsa. Babbar kasuwa da ƙaramar kasuwa duk suna cikin gari, ku je da safe. Harshen ciniki Fulatanci ne, sai Faransanci. Hausa za ta fishe ka wurin mahauta, masu kilishi da 'yan tireda, amma wurin mai nono ko mai kayan miya sai ka koyi gaisuwa da ƙirga da Fulatanci, in ba haka ba farashin baƙo za ka riƙa biya.

Ku biyun nan na Nijar ku kula da kuɗi. Sefar yamma da sefar tsakiya darajarsu ɗaya, amma takardunsu daban, mai shago ba zai karɓi ta Nijar ba, kuma mai canji sai ya cire ladansa. 'Yan Cadi ba ruwansu da wannan. Ku buɗe asusun kuɗi na waya, Orange Money ko MTN MoMo, da layin da aka yi wa rajista da fasfonku, ba layin aro ba, domin ranar da ya toshe mai sunan kawai za a saurara. Ku riƙa ajiye canji ƙanana. Mai babur da sassafe ba ya da canjin jaka goma.

Abin ci kuwa: kindirmo, kilishi, doyar Mbe, da zumar Adamawa. Zuma ku saya wurin wanda ɗan gari ya nuna muku, ana haɗa ta da sukari a tasha.

Direban Meiganga:
Ni na wajen gari zan faɗa. Dutsen Ngaundare, mai ƙaton dutse ɗore a kansa, a hau shi da sanyin safiya, a ƙungiya, da ruwan sha. Daga sama ana ganin tsohon gari da tashar jirgin ƙasa. Jirgin ya iso nan a 1974, nan ne ƙarshen layin, shi ya sa kayan Cadi ke sauka a hau da su manyan motoci. Unguwannin gefen tasha daga nan suka bunƙasa. Jirgin Camrail zuwa Yawunde tafiyar dare guda ce, fiye da kilomita 600. Tikitin ɗakin kwanciya a saye shi da wuri, da takardar shaida a hannu.

Tafkin Tison da gangaren ruwan Vina duk kudu suke, kusa, yini ɗaya ya ishe su. Tison ramin tsohon dutse mai aman wuta ne, bakinsa a tsaye yake, kada kowa ya shiga wanka. Gangaren Tello ya fi su kyau, har ana bi ta bayan ruwan, amma yana wajen kilomita 50 kan hanyar Belel, jar ƙasa ce. Damina a nan daga Afrilu take zuwa Oktoba, kuma a Agusta hanyar santsi ne zalla. Nuwamba ta fi: ruwa na nan da ƙarfi, hanya ta bushe. Ku yi shatar mota, ku yi ciniki kan zuwa da jira da dawowa gaba ɗaya, rabin kuɗi a tafiya, rabi a dawowa. Wanda ya biya duka tun farko shi ake bari a daji. Ku tambayi halin tsaron hanyar a ranar, domin ƙauyukan gabas sun sha fama da masu garkuwa da mutane, kuma ku juyo kafin la'asar.

Malam na Sabongari:
Hajiya ta yi gaskiya kan Mbum, na karɓa. Ƙari ɗaya kan takardu. Akwai shingen jami'an tsaro a hanyoyin fita gari, har da ta Dang. Katin ɗalibi shi kaɗai ba ya wadatar da baƙo. Ku riƙe shi tare da kwafin fasfo da aka buga wa hatimi a ofishin 'yan sanda, da katin rigakafin shawara. Ku 'yan Nijar ku fara neman katin zama tun bizarku ba ta ƙare ba, ku riƙe rasidin a jiki kafin katin ya fito. Kada a ɗaga waya a ɗauki barikin soja, ofishin gwamna ko shinge.

Garin yana kan tudu, sama da mita 1,000, sanyin Disamba da Janairu ba wasa. Ku sayi bargo da rigar sanyi a gwanjo tun Oktoba, kafin farashi ya tashi. In Sallah ta same ku a nan, ku kwana cikin gari daren jajibiri, domin da safe motar Dang wuya take yi, hawan kuma ba ya jiran kowa.